Rigar Hankaka

Ni tela ne, ɗan tela, jikan tela, daga cikin birnin Zariya. Gara a san wannan tun farko, domin duk abin da ya same ni a ƙasar Sin daga nan ya taso. A gidanmu idan yaro ya shigo da riga a yage, sai an tambayi inda allura take kafin a tambaye shi ko ya ji ciwo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ko a masallaci ya hango aljihun wani ya ɓalle ba ya samun natsuwa sai ya bi mutumin har waje. Da wannan idon na sauka a Guangzhou, da jaka ɗaya da babbar rigar da ya bar mini, bayan na sayar da kekensa na ɗinki na cika kuɗin jirgi.

Wani Sunusi ne ya yi mini hanyar. Ya ce akwai babbar masana'anta da ke neman teloli, za a koya mini kekunan zamani, in dawo gida in buɗe shago na kece raini. Ya ce da kansa zai tarbe ni a filin jirgi. Na tsaya har ƙafafuna suka yi tsami, ina kiran lambarsa, wata mata tana amsa mini da Sinanci cikin ladabi, magana ɗaya take ta maimaitawa. Har haƙuri na riƙa ba ta don na dame ta. Sai daga baya na gane na'ura ce ke gaya mini babu wannan layin. Har yau ban sake sa Sunusi a ido ba. Na bar shi da Allah, amma ba zan ce da zuciya ɗaya ba.

Unguwar Xiaobei, wadda mu muke kira Shawbe, ita ce zangona na farko. Wani ɗan Ghana mai buhunan kaya ne ya ga ina ta zare ido, ya ja ni cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya sauke ni a bakin wani gidan abinci na Musulmi, ya ce in zauna, Hausawa za su zo. Na sayi shayi kofi ɗaya na zauna a kansa tun azahar har la'asar ta wuce. Mai wurin ya fara zuwa yana goge teburina alhali ba abin da ya zube. Sai ga wani dattijo dogo, da rawani a kafaɗa da kwalli raɗau a ido, ya tsaya a kaina yana duban hulata.

"Wanga ɗumki na Zazzau na," ya ce. "Wa ya yi maka shi?"

"Ni na yi, Alhaji."

"Kai da hannunka? To mi kake yi nan zaune awa maraya? Ɗauko jikkarka mu tahi."

Alhaji Isuhu ke nan, mutumin Maraɗi, mai sayen wandunan jins yana aikawa kasuwannin Nijar. Ya ba ni tabarma a ɗakinsa tsakanin kwalaye, bai taɓa tambayata yaushe zan tafi ba. Amma kewa na sha ta. Ruwan sama ba ya gajiya, wanki ba ya bushewa, ba ka jin ladan sai dai waya ta yi maka ƙara. Ina zaune sai in ji kamar ƙarar keken Baba a kunnena, sai in tuna yana can a shagon wani, ni kuma ga ni nan babu keke babu aiki. Komawa gida a haka shi ne abin da nake tsoro fiye da yunwa.

Zango na biyu Xintang ne, garin wandon jins, inda za ka ga tafin hannun ma'aikata shuɗi kamar na marina. Alhaji ya kai ni wurin wata tsohuwa mai ƙaramin shagon ɗinki da gyare-gyare, kowa na kiranta Ayi, wato inna. Gajeriya ce, da tef ɗin awo a wuya, murya kuwa kamar ta mutum uku. Ta jefo mini wani wando da aljihu a yage. Na zaro zare daga jikin yadin na saƙe wurin kamar yadda Baba ya koya mini. Ta ɗaga wandon a hasken taga, ta juya, ta sake juyawa, ba ta ga inda ya yage ba. Ta yi magana, Alhaji ya fassara.

"Ta ce wata guda za ta gwada ka. In ka ci, ita za ta tsaya maka a yi takardun zama na mai koyon sana'a. In ba ka ci ba, bon, ka san hanyar hilin jirgi."

Na kama aiki da ƙarfina. Na iya nihau wato sannu, na iya shiye-shiye wato na gode, na iya lawban wato mai gida, na kuma iya meyo, wato babu, domin ita ce kalmar da na fi ji. Kekunan shagon duk na lantarki ne, masu gudu kamar an biyo su. Amma a lungu akwai wani tsohon baƙin keke na ƙafa, irin na Baba sak, an rufe shi da ƙyalle an ɗora butar shayi a kai. Aka ce da shi Ayi ta fara sana'a, kuma ba mai taɓa shi. Kullum in na wuce sai na saci kallonsa.

Ana cikin haka, wata rana da rana tsaka ƙofa ta buɗe, na ɗaga kai na ce a'uzubillahi a fili. Mace da namiji ne, baƙaƙen kaya tun daga wuya har ƙasa. Fuskar macen fara fat da hoda, leɓenta baƙi ƙirin, ta zagaye idanunta da baƙi har ya gangaro kumatu kamar wadda ta ci kuka. Gashinta a tsaye cirko-cirko, gefe ɗaya an aske shi tas. A hannuwanta ta zura wata raga irin ta kamun kifi, duk ta ɓule. Namijin kuwa an aske masa gefe da gefe, an bar layi ɗaya a tsakiya ya miƙe sama, sai da ya sunkuya kafin ya shigo. Ga sarƙoƙi a ƙugu, ga ƙusoshi a kafaɗa, ga takalman sojoji. Nan take na raɗa mata Hankaka a raina saboda baƙi da farin nan, shi kuma na sa masa Zakara.

Ina jiran in ga Ayi ta ɗauki tsintsiya, sai na ga sun rusuna sun gaishe ta, sun miƙa mata ledar lemo. Ita kuma ta ja kumatun Hankaka tana faɗa, da alama cewa take ta rame. Ashe makaɗa ne, abin nasu ana ce masa gotik, wasu su ce fank, kuma a nan suke kawo gyara tun da daɗewa. Hankaka ta zaro wata tsohuwar baƙar rigar jins mai dogon hannu daga jaka, ta shafa ta a hankali kafin ta miƙa. Ayi ta kira ni ta nuna mini zik ɗin da ya lalace, ta nuna da yatsa har sau biyu. Na gane sarai, zik kawai. Washegari ta tafi ƙauye bikin 'yar ƙanwarta, ta bar mu da aiki.

Zik bai ɗauke ni komai ba. Da na gama na shimfiɗa rigar a tebur, sai tausayi ya kama ni. Yagewar ado na san ta, tun a gida ina ganin 'yan gayu da ita, a Xintang kuwa da inji ake yin ta, gwiwa da gwiwa daidai wa daida. Wannan ba ita ba ce. Ta yage a kafaɗa, ta yage a gwiwar hannu, ta ɓarke a baya a karkace, kuma kowace yagewa an kama bakinta da fil, irin wanda mata ke maƙale ƙyallen jariri da shi, wasu har sun yi tsatsa. A ilimin da na taso da shi, duk wanda ya kama yagewa da fil allura yake nema bai samu ba. Na tuna yadda ta shafa rigar, na tuna baƙin da ya gangaro mata a kumatu, na ce Allah sarki, 'yar mutane ba ta da wata. Kuma dokar Baba ce, tela ba ya mayar da riga da ɓular da idonsa ya gani, ba ya kuma karɓar ladan wannan.

Na cire fil ɗin ɗaya bayan ɗaya na zuba a gwangwanin shayi. Na bi bakin kowace yagewa da almakashi na datse zaren da ya yi buzu-buzu. Na saƙe su duka, na wanke rigar, na goge, na ninke. Wallahi aikin ya yi kyau, ko ni da na yi sai na lalubo da yatsa nake gane wurin. Na riƙa murmushi ni kaɗai, ina hango takarduna a hannu.

Ranar da Ayi ta dawo, ranar suka zo karɓa. Na miƙa rigar da hannu biyu ina washe baki. Hankaka ta warware ta, ta duba gaba, ta duba baya. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta zauna a kan buhun yadi ta rungume rigar, sai ga hawaye na gaskiya, wannan karon kwallin ya kwararo har haɓa. Zakara, wanda yake ɗan jin Turanci, ya matso kusa da ni ya yi magana a hankali, ba faɗa ba zagi.

"Rigar yayanta ce. Shi ya kafa ƙungiyarmu, ciwo ya ɗauke shi. Kowace yagewa da ranar da aka yi ta, ta san su duka. Shi da kansa ya sa yawancin fil ɗin nan. Ranar Lahadi muke taron tunawa da shi, kuma da ita take hawa dandali."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce zan warware saƙar, amma ina faɗa na san banza ce, domin bakin da na datse ba zai dawo ba, yadin kuma ya tsufa, in na sake bin sa da tsinke zai zube ne. Suka ɗauki rigar da gwangwanin suka fita. Ayi kuwa ta rufe ni da faɗa, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Ban ji ko ɗaya ba sai ƙarshen, wanda ta faɗa dalla-dalla don in gane: Lahadi, in yarinyar nan ba ta sa rigar ba, meyo aiki, meyo takarda.

Da na ba Alhaji Isuhu labari, dariya ya yi har rawaninsa ya faɗi. Ya share ido ya sake kallona ya sake fashewa. Da ya ji zancen yayan nata sai ya bar dariya, ya gyara zama.

"Ɗana, wagga ɓarna ba ta waya ba ce. In ka ɓata ma mutum rai, dattijo ake ɗauka a tahi har inda yake. Gobe Juma'a, in mun sauko masallaci sai mu wuce. Ka sanya rigarka ta kirki, kada ka je ma mutane awa ɗan dako."

Rigar kirki ɗaya gare ni, ta Baba. Irin wadda ake kira kore ce, baƙa mai sheƙi, ta sha baba ta sha bugu, da aikin aska takwas a ƙirji wanda kakana ya yi da hannunsa. Na saka ta, Alhaji ya sayi dabino, muka nufi Liwan, tsohuwar unguwa mai lunguna, inda Ayi ta kwatanta mana shagon gyaran gashin da Hankaka take aiki. Sama muka hau. Labulayen baƙaƙe, an rataye jemagun takarda a rufi, ga wata ƙatuwar farar kyanwa tana barci a kan kujera. Mun tarar Hankaka tana tayar wa Zakara gashi. Sai ta kama tsagi ɗaya, ta taje shi baibai daga sama zuwa gindi har ya cukurkuɗe, ta fesa masa wani abu mai ƙauri, ta bi shi da iska mai zafi, shi kuma ya sunkuyar da kai ƙasa kamar mai neman allurar da ta faɗi. Wasu abokansu suna jiran layi, wannan an zana masa yanar gizo-gizo a gefen kai da aska, waccan gashinta ya yi tsiri-tsiri kamar ƙaya.

Alhaji ya yi sallama kamar ya shiga zauren mai unguwa. Ya ajiye dabino, ya fara ban haƙuri da Sinancinsa na kasuwa, inda ya ƙare masa ya cika da Hausa. Ya ce yaron nan baƙo ne, maraya ne, da kyakkyawar niyya ya yi, shi ne ubansa a garin nan, laifin ya dawo kansa. Ni kuma na durƙusa a gefensa kamar yadda ake yi. Da suka ga na durƙusa sai suka rikice, ba su san abin yi ba, sai su ma duk suka durƙusa, da sarƙoƙi da takalman sojoji da gashi a sama. Muka yi zuru muna kallon juna. Alhaji ne kaɗai a tsaye, yana ta cije leɓe.

A durƙushen nan ne Zakara ya ƙura wa ƙirjina ido. Ya miƙo yatsa ya bi dogayen tsinin aikin rigar.

"Waɗannan wuƙaƙe ne?"

"Asake ne," na ce, "guda takwas. Haka ake wa rigar manya a garinmu."

Ya fassara musu. Kai, ka ga yadda idanu suka buɗe! Baƙar riga mai ƙyalli, da wuƙaƙe a ƙirji, kuma wai kayan zuwa masallaci ne. Suka kewaye ni suna taɓawa suna wani irin nishi na jin daɗi. Na ce ta mahaifina ce, ya rasu. Da Zakara ya fassara wannan, sai Hankaka ta ɗago ta kalle ni a karo na farko. Ta yi tambaya, ya juyo mini da ita.

"Ta ce tun da ya sa ta bai taɓa yaga ta ba?"

Na juya kafaɗar rigar na nuna mata ciki. Daga waje ba a ganin komai, amma daga ciki saƙar Baba tana nan ɓaro-ɓaro. Na ce wannan ƙusar ƙofar shagonmu ce ta kama shi ranar sunana. Wannan kuma ranar da babur ya ja shi a bakin kasuwa, ya tashi yana tambayar rigarsa kafin ƙafarsa. Na san su duka. Ta daɗe tana kallo. Sai ta tashi ta ɗauko rigar yayanta, ta juya ta baibai, ta shimfiɗa a ƙasa. Ga su nan, kowace yagewa a mazauninta, da tsawonta da karkacewarta. Ta bi su da yatsa tana kiran sunayen wuraren da aka yi su.

Nan dabara ta zo mini. Na ce in ta yarda, zan fito da su waje. A kan kowace yagewa zan ɗora aska ɗaya daidai tsawonta, da baƙin zaren siliki, sannan a mayar da fil ɗin yayanta kowane a gefen tasa. Ta dubi rigar Baba, ta dubi tata, ta gyaɗa kai sau ɗaya.

A bakin tagar shagon nan na zauna na yi aikin, ranar da washegarinta. Ban taɓa ɗinki cikin gata irin wannan ba. Zakara ya yi tafiya mai nisa ya nemo mini taliya da naman saniya a shagon Musulmi, har da hoton allon shagon ya ɗauko a waya don in yarda halal ce. Mai yanar gizo a kai ya roƙe ni in ƙara hoton ƙoƙon kan mutum a bayan rigar, na ce wannan kam meyo, suka kwashe da dariya. Alhaji da ya ce minti biyar zai yi, sai ga shi ya miƙe ƙafa yana shan shayi da kyanwa a cinya. Ya dubi kan Zakara ya ce da ni:

"Wai su a ganinsu sabon abu suka hiddo? Ai zanko na! Da shi na tashi ina yaro, uwata ta bar mini shi har na shiga makarantar allo. Hwaɗa mishi nawa ya hi nashi tsayuwa, kuma ba hesawa."

Na faɗa masa. Zakara ya riƙa maimaita kalmar, zanko, zanko, har ta zauna masa. Da Alhaji ya zaro ɗan tandun kwallinsa na fata ya nuna musu yadda ake zizarawa, sai layi ya koma gabansa. Dattijo mai jikoki a Maraɗi, ga shi yana sa wa 'yan gotik kwalli ɗaya bayan ɗaya yana ce musu su daina ƙifta ido.

Da na sa allura ta ƙarshe, Hankaka ta mayar da fil ɗin da hannunta, ta saka rigar ta tsaya gaban madubi. Daga nesa baƙa ce kawai, amma da ta motsa sai asaken suka kama haske, a kafaɗa, a hannu, da wata doguwa a karkace a baya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta cire, ta zo ta miƙo mini gefen hannun hagu, inda babu komai. Zakara ya ce:

"Kowace shekara saboda taron nan rigar takan sami sabuwar yagewa. Ta ce ta bana kai za ka yi."

Na ce ni? Na kama yadin, hannuna ya ƙi. Tun da aka haife ni ban taɓa yaga tufa da gangan ba, ji nake kamar Baba yana tsaye a bayana. Na dubi Alhaji, ya ce, "Yi bisimilla ka ja, ɗana, mai kaya ta ba ka." Na ɗan tsaga bakin da almakashi, na runtse ido, na yi bisimilla na ja. Ƙyat! Shagon ya kaure da tafi. Hankaka ta ɗauko sabon fil ta kama bakin yagewar, tana dariya, haƙoranta fari tas a tsakanin baƙin leɓe. Ni ma dariyar nake, amma idona ya cika, ban kuma ɓoye ba.

Ranar Lahadi da yamma aka yi taron a wani tsohon sito kusa da kogi. Ban taɓa ganin baƙaƙen kaya da yawa haka a wuri ɗaya ba, ga zankaye iri-iri, wani ja, wani kore, wani ya fi mai shi tsawo a ido. Ayi ta zo da kujerarta ta ninkewa da auduga a kunne, ta zauna gaba-gaba tana firfita. Alhaji ya ce shi a waje zai tsaya da carbinsa, amma duk lokacin da na waiga sai in hango rawaninsa a bakin ƙofa. Kiɗan kuwa, gaskiya ban gane shi ba, ganga kamar ana sussuka, jita tana kuka. Amma da Hankaka ta fito da rigar, fitila ta haske asaken, wurin ya ɗauki ihu, na ji tsigar jikina ta tashi. Da ta gama waƙar farko ta ɗaga hannun hagu ta nuna sabuwar yagewar, ta nuna ni, ta ce, "Shifu!" Haka suke kiran mai sana'ar da ya iya hannunsa. Duk zankayen nan suka juyo gare ni suna tafi. Da lokacin salla ya yi, wani mai ƙusoshi a kafaɗa ya share mana lungu ya shimfiɗa kwali mai tsabta, ya tsaya yana tare mutane har muka idar.

Washegari na isa shago da wuri, ban san makomata ba, domin Ayi ba ta ce mini komai ba a wurin taron. Ta shigo ba ta ko kalle ni ba. Ta wuce lungu, ta sauke butar shayi, ta yaye ƙyallen da ke kan tsohon keken, ta hure ƙura. Ta sa aka jawo shi bakin taga. Sannan ta ce in kawo fasfo gobe, ta nuna mini kujerar.

Na zauna na ɗora ƙafa a kan feda. Sai ta cire rigar sanyinta ta jefo mini a cinya. Gwiwar hannun ta ɓule, irin ɓulewar jingina a tebur shekara da shekaru. Na ɗauko allura, sai kuma na dakata. Na ɗaga rigar, na zura yatsa a ɓular, na tambaye ta da ɗan Sinancin da na tara:

"Lawban, wannan a ɗinke ko a bari?"

Ta zaro tef daga wuya ta tsula mini a kafaɗa, tana ƙoƙarin haɗe rai dariya tana cin ta.

"Ɗinke!"

Na saƙe ɓular da hannu, na sa bakin hannun a ƙarƙashin allura, na taka. Keken ya amsa da ƙarar nan da na baro a Zariya.